An fitar da facin manhajar shiga, oga ya ce a jira sai bayan albashi, ya zan yi?

Ɗan_Sabar:

Salamu alaikum ƴan'uwa. Dan Allah waɗanda suka daɗe a harkar IT shawara nake nema, tun jiya kaina ya ɗau zafi. Ni ne ke kula da sabobin wani kamfani a nan Kano, wato manyan kwamfutocin da manhajojin kamfanin ke zaune a kai, ma'aikata sun kai 300 idan aka haɗa da rassa, kuma kowa ta ƙofa ɗaya yake shiga, wato manhajar nan da za ka sa suna da fasawod sau ɗaya ta buɗe maka imel da manhajar albashi da fayiloli da komai. Jiya da yamma masu manhajar suka turo saƙo wai an gano ɓaraka, makin haɗarinta 9.8 cikin 10, kuma mutum ba ya buƙatar fasawod ɗin kowa kafin ya yi amfani da ita, sun fitar da faci, wato gyaran da zai toshe ɓarakar, sun ce a saka da gaggawa.

Na kai wa oga maganar ya ce in bari sai an gama biyan albashi, kwana 10 nan gaba kenan, saboda wancan karon da muka yi ofdet an wuni ba wanda ya iya shiga kuma shi aka kira sama aka wanke tas. Ya ce ai muna da fayawol mai tace abin da ke shigowa daga intanet kuma kowa sai ya sa lambar da ake turo masa a waya, to meye abin gaggawa. Ni dai raina bai kwanta ba amma ban san da me zan ƙure shi ba, kuma gaskiya ba mu da sabar gwaji. Kwana 10 ya yi yawa ne ko ni ne nake zuzuta abin?

Malam_Tsaro:

Wa alaikumus salam. Kwana 10 ya yi yawa ƙanena, idan dai ana iya kaiwa ga shafin shigar nan daga intanet. Abin da manyanmu ba sa ganewa shi ne ranar da aka fitar da faci ranar ce aka yi wa ɓarayi shela, domin su ma suna sauke shi, su ajiye tsohuwar manhajar da sabuwar gefe da gefe su duba layin da aka canza, daga nan sun san inda ramin yake. A watan Afrilun 2022 VMware ta fitar da faci na Workspace ONE Access, irin taku ce sak manhajar shiga ce, hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta ce cikin awa 48 masu kutse suka warware facin suka fara kai hari kan waɗanda ba su saka ba. Awa 48 fa. Kai kuma ana ce maka kwana 10.

Maganar lambar waya kuma, ka tambayi oga a hankali, wa ke duba lambar in an shigar? Ai manhajar ce da kanta. To idan ɓarakar tana ba mutum damar ba sabar umarni tun kafin a zo wajen tambayar fasawod, lambar me zai nema, ya riga ya zauna a kujerar mai gadi makullai na hannunsa. Fayawol ɗin ma ku da kanku kuka buɗe masa ƙofar 443, wadda shafukan yanar gizo ke bi, don ƴan rassa su samu shiga, ta nan harin zai bi kamar kowane baƙo.

Ka ɗauki lambar CVE ɗin da ke cikin saƙon, wato lambar rajistar ɓarakar, ka duba ta a jerin KEV na CISA, kyauta ne, tun Nuwamban 2021 suke tara ɓarakokin da aka tabbatar ana amfani da su a zahiri. In ka gan ta a ciki ka buga takardar ka ajiye masa a tebur. In ba ta ciki ma kar ka saki jiki, ta Oracle Access Manager mai lamba CVE-2021-35587 an yi facinta tun Janairun 2022 amma sai Nuwamba ta shiga jerin, lokacin an riga an fara cin waɗanda suka yi sake.

Gwanin_Waya:

Wace manhaja ce wai? Faɗi sunanta mana mu san abin da za mu ce maka

Ɗan_Sabar:

Haba malam, in faɗi garin da nake in faɗi cewa ba mu yi faci ba sannan in ƙara da sunan manhaja, ai saura in ba da adireshi kawai 😂 yi haƙuri ba a nan ba.

Ƴar_Zazzau:

Ni zan ɗan kare oganka kaɗan, don duk wanda faci ya taɓa kwantar wa da aiki ba ya ganin laifin mai tsoro. Ofdet ɗin Microsoft na Janairun 2022 sai da ya sa sabobin domain, masu tantance ma'aikata in za su shiga kwamfuta, suka dinga ributin kansu ba tsayawa har sai da suka sake fitar da wani gyaran a wajen lokacin da suka saba, na Nuwamban shekarar kuma ya ɓata wa mutane Kerberos, tsarin da ake tantance masu shiga da shi, wasu wuraren ma'aikata suka kasa shiga kwamfutocinsu. Lokacin ina wurin aikina na baya, na kwana a ɗakin saba da bargo, sanyin AC kamar zai kashe ni, ga maigida yana ta kira wai aikin me ake yi har ƙarfe 3 na dare. Saboda haka tsoronsa ba na banza ba ne, kawai dai maganin da ya zaɓa ne ba daidai ba.

Kar ka je masa da "a yi ko kar a yi", ka je masa da tsari. Ka ce daren Asabar za ka yi, ka ɗauki sinafshot na sabar, wato kwafin yadda take a yanzu, da bakof na datarta kafin ka taɓa komai, kuma ka gwada cewa bakof ɗin yana dawowa da gaske domin da yawa sai ranar tsiya suke gano fanko suke ajiyewa. In sabar taku ta VM ce, wato ba ƙarfe ba ce manhaja ce da ke zaune a cikin wata kwamfutar, ai kana da sabar gwaji ba ka sani ba, kwafe ta ka cire wa kwafin hanyar fita netwok ka saka facin a kan kwafin ka gani. Sannan ka tabbatar akwai akawun ɗin admin guda ɗaya na gaggawa da ba ya bi ta manhajar shigar, in ba haka ba in ta ƙi tashi kai ma ka kulle kanka a waje, makulli a cikin ɗaki. Ka kuma yi magana da mai janareta, ɗauke wuta a tsakiyar faci ya fi rashin facin muni.

In duk da haka ya ce a'a, ka tura masa imel cikin ladabi, yallaɓai kamar yadda muka tattauna ga haɗarin ga shawarata ga hukuncin da aka yanke. Ranar da abu ya faru ba wanda zai tuna an yi magana a baki.

Baba_Linux:

Duk abin da Malam da Hajiya suka faɗa haka ne, amma akwai guda ɗaya da ba a taɓo ba kuma shi ya fi cin mutane. Faci yana toshe ramin ne kawai, ba ya fitar da wanda ya riga ya shiga. Ka ɗauka ɓera ya shiga rumbu ka zo ka liƙe ramin da siminti ka tafi kana murna, to da wa ka kulle hatsin?

Ku tuna abin da aka kira Citrix Bleed, CVE-2023-4966, a kan NetScaler, na'urar kamfanin Citrix da ma'aikata ke shiga aikin ofis ta cikinta daga nesa. Citrix ta fitar da faci ran 10 ga Oktoban 2023, bayan kamar mako guda kamfanin binciken kutse Mandiant ya fito ya ce ai tun ƙarshen Agusta ake amfani da ɓarakar, wato kusan wata ɗaya da rabi ƙofa na buɗe ba wanda ya sani. Yadda abin yake, in ka shiga da fasawod da lambar waya na'urar tana ba burawuzarka wata shaida, tokin ɗin seshon, kamar katin da ake rataya wa baƙo a get don kar a dinga tsayar da shi a kowane ofis. Ɓarakar tana sa a turo wata buƙata ta musamman na'urar ta amayo abin da ke cikin memorinta, a ciki har da waɗannan katunan na mutanen da ke ciki a lokacin. Ɓarawo ya rataya katinka ya wuce, ba fasawod ba lambar waya, a wurin na'ura kai ne. To mutane suka saka faci suka koma barci alhali katunan da aka sace tun kafin facin suna nan suna aiki, dole sai da aka dinga nanatawa cewa bayan faci sai ka kashe duk seshon ɗin da ke buɗe, irin su kill aaa session -all da kill icaconnection -all, kowa ya sake shiga daga farko. Ƴan LockBit, masu kulle bayanan kamfanoni su nemi kuɗin fansa, sun yi amfani da ita, Boeing na cikin waɗanda abin ya shafa. Xfinity ta Comcast, mai ba da intanet a Amurka, kuma ta ce tsakanin 16 da 19 ga Oktoba aka shiga mata, ka lissafa da kanka, kwana 6 kacal bayan fitowar faci, kuma bayanan mutum kusan miliyan 36 abin ya taɓa. Wannan lissafin za ka kai wa oga, 6 bai kai 10 ba.

Na biyu makullai. Manhajar shiga tana riƙe da sirrin kowa, fasawod ɗin akawun ɗin da take magana da Active Directory (rumbun sunaye da fasawod na ma'aikata) da shi, satifiket ɗin da take sa hannu da shi don sauran manhajoji su yarda da ita, makullan API da manhajoji ke magana da juna da su. In akwai alamar an shiga duk sai an canza su. Cloudflare, kamfanin tsaron intanet, da duk ƙwarewarsu, bayan kutsen da aka yi wa sashen taimakon kwastomomi na Okta, kamfanin manhajar shigarsu, a Oktoban 2023 sun canza makullai da yawa amma suka bar tokin ɗaya da akawun 3 na sabis saboda sun ɗauka ba a amfani da su, da waɗannan ɗin aka dawo musu a Nuwamba aka shiga sabarsu ta Atlassian. Su da bakinsu suka rubuta labarin, ni abin da ya burge ni da su kenan, a nan da an binne maganar.

Wani lokacin ma facin kansa bai isa ba. A Janairun 2024 da aka gano ɓarakar Ivanti Connect Secure, na'urar shiga netwok ɗin ofis daga nesa, CISA umartar hukumomin gwamnatin Amurka ta yi su cire na'urorin daga layi gaba ɗaya zuwa 2 ga Fabrairu, a mayar da su yadda suka fito daga kamfani a sake ɗora komai sabo kafin a mayar. Ita CISA ɗin ma an taɓa mata sistem 2 ta wannan hanyar.

Saboda haka kafin ka saka facin ka kwashe log ɗin sabar, wato rajistar duk abin da ya faru a kanta, ka ajiye a wani wuri daban, kar ributin ya tafi da su. Ka duba shiga a lokutan da ba a saba ba, seshon ɗaya da ya fara daga IP ɗin ofis ya koma wani IP na wata ƙasa, sabon akawun ɗin admin, sabon fayil a folda ɗin shafin yanar gizo. Sau da yawa masu manhajar suna haɗo alamomin da za a duba a ƙasan sanarwar, mutane ne ba sa karantawa har ƙarshe.

Ɗan_Sabar:

Allah ya saka da alheri Baba, wlh ni tunanina in na saka faci shi kenan na huta. To kafin Asabar ɗin fa, akwai abin da zan iya yi yau wanda ba sai na kashe saba ba?

Malam_Tsaro:

Akwai. Shafin admin dai bai kamata a gan shi daga intanet ba ko da faci ko babu, rufe shi yanzu ka bar shi ga IP ɗin cikin gida kawai. Shafin shiga na ma'aikata kuma in rassanku suna da tsayayyen IP ka taƙaita shi gare su na kwana 2, masu aiki daga gida su yi haƙuri. Ka sake karanta sanarwar, wani lokacin suna ba da gyaran wucin gadi kamar kashe wani sashe da ba kwa amfani da shi. Amma wucin gadi ne fa, na Ivanti ma an samu hanyar zagaye nasu.

In oga ya ci gaba da ja ka tuna masa dokar kare bayanai ta 2023, in aka saci bayanan mutane ta yadda zai iya cutar da su awa 72 kuke da shi ku sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, kuma manhajar albashin nan da yake karewa lambobin akawun ɗin bankin kowa ne a ciki har da nasa.

Gwanin_Waya:

"har da nasa" 😂 nan ne zai ji maganar

Ɗan_Sabar:

Na dawo da bayani. Oga ya yarda bayan na nuna masa lissafin Xfinity da tsarin da Hajiya ta ba ni, ya ce amma in abu ya lalace ni da shi ne. Na gwada a kan kwafin ranar Juma'a, daren Asabar na saka, wajen minti 50 aka gama, na kashe duk seshon. Abu ɗaya ne ya ƙi, manhajar hutun ma'aikata ta daina karɓar shiga sai da na sake ɗora mata satifiket da safe, ba wanda ma ya lura.

Amma Baba ga abin da ya hana ni barci. Da nake duba akawun na admin na ga wani mai suna kamar na sabis, an ƙirƙire shi wata 7 da suka wuce, ba ni na yi ba, wanda na gada ma na kira shi ya ce bai tuna ba, wataƙila ƴan kwangilar da suka haɗa mana manhajar albashi ne. Log ɗinmu kuma na kwana 30 kawai yake ajiyewa, a cikin kwana 30 ɗin bai shiga ko sau ɗaya ba. Na dakatar da shi dai ban goge ba. In canza fasawod ɗin Active Directory da satifiket ɗin sa hannun tun yanzu, ko in jira ƴan kwangilar su amsa imel ɗina zuwa Litinin?