Muhawara: na da ne suka fi, ko ƙuruciyarmu muke bege?

Alhaji Bashir: Assalamu alaikum. Jiya ina fitar da kaya daga wani tsohon akwati sai na ci karo da makullin motata ta farko, Peugeot 504 fara, tare da kaset uku da suka zauna a cikinta tsawon zamanta a hannuna. Na daɗe zaune da makullin nan. Motar ta fi shekara 20 da barina, amma hannuna bai manta ba: ka ja cok, ka taka totur sau biyu, ka murza, ta tashi. Ga maganar da nake so mu tattauna, kuma ina nan a kan bakana. Motocin wancan zamani sun fi na yau, waƙoƙinsa sun fi na yau, hatta shirye-shiryen almarar kimiyya da muke jira a talabijin sun fi waɗanda ake yi yanzu. A 1968 aka fito da 504, a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai, kuma aka yi fiye da shekara 30 ana ƙera ta. A nuna mini motar yau da za a yi wa haka.

Zainab: Wa alaikumus salam, Kawu. Allah ya ƙara girma, amma a kan mota kam ban yarda ba. A 2009 wata cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshora a Amurka ta haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959 da Chevrolet Malibu ta 2009 suka yi karo gaba da gaba. Duk wanda ya ga tsohuwar zai rantse ita za ta tsira, don ƙarfe ne zalla. Ita ce ta ruguje har wurin zaman direba. Sabuwar kuwa gabanta ya lotse, amma ɗakin da mutum yake ciki ya tsaya. Lotsewar nan da ake zagin motocin yau da ita, da gangan aka yi ta, don ƙarfe ya sha dukan maimakon ƙirjin mutum.

Alhaji Bashir: 'Yata, ni ban ce a je a yi karo da ita ba. Ƙarko nake magana.

Malam Haruna: Alhaji, ka san shekarata 34 ina ƙarƙashin mota, don haka bari in raba muku gardamar gida biyu. Inda kake da gaskiya: motar da, mutum yana iya fahimtarta. Ka buɗe bonet ka ga komai a fili. Kabureta ta toshe, ka kwance ta ka wanke, ka hura, ka mayar. Fanbel ya tsinke, ka sa wani a bakin hanya. Volkswagen Beetle ma ko lagireto ba ta da shi, iska ke sanyaya injinta, injin kuma yana baya, mutum biyu sa sauke shi kafin la'asar. Shi ya sa aka ƙera ta fiye da miliyan 21 kafin a yi ta ƙarshe a Meziko a 2003. Motar yau kuwa sai na jona mata kwamfuta ta gaya mini abin da ke damunta, wani lokacin ma abin da ya lalace a rufe yake ruf, ba a gyara shi, sai dai a canza.

Inda ba ka da gaskiya: ka manta sau nawa ka kawo mini ita. Fulogi, kwantak, saitin kabureta, tsatsa a ƙasan ƙofa, zafi a kan tudu. Motar da tana da sauƙin gyara, kuma tana yawan neman gyaran. Ta yau in ana canza mata baƙin mai a kan lokaci, sai ta yi kilomita dubu 200 ba a buɗe injinta ba. Sannan tsofaffin da kake gani suna yawo har yanzu, su ne 'yan ƙalilan da suka tsira. Sauran dubban an daɗe da narkar da su.

Alhaji Bashir: To Malam Haruna, ai rabin maganata ka tabbatar. Motar da na san cikinta tawa ce. Wadda nake hawa yanzu na saye ta da kuɗina, amma ji nake kamar aro aka ba ni.

Dakta Hadiza: Yaya Bashir, bari in shigo ta ɓangaren da na sani. Masu nazarin tunanin ɗan Adam sun daɗe da lura cewa in ka tambayi dattijo ya ba ka labaran rayuwarsa, mafi yawan abin da zai tuna da ƙarfi yana faɗowa ne tsakanin shekara 10 zuwa 30 na haihuwarsa. A lokacin ne ake yin abubuwan farko: aikin farko, soyayyar farko, motar farko, ranar farko da ka tuƙa kanka ba tare da kowa a gefe ba. Waƙar da ke tashi a rediyon motar a wannan rana ta manne da ranar, ba mai raba su. Shi ya sa za ka ga tsoho ya rikice har ba ya gane 'ya'yansa, amma a sa masa waƙar samartakarsa sai ya bi ta baiti bayan baiti. Ban ce abin da kake ji ƙarya ba ne. Gaskiya ne, mai nauyi ma. Amma ma'aunin yana cikin ƙirjinka, ba a cikin injin ko kaset ba. Tun 1688 wani ɗalibin likitanci a Suwizalan, Johannes Hofer, ya rubuta a kan irin wannan bege, yana ganinsa ciwo ne da ke kama sojojin da suka yi nisa da gida.

Alhaji Bashir: Dakta, in shekaru ne kawai, me ya sa ɗana da aka haifa bayan an daina yayin kaset yake sauraron waƙoƙin zamanina, ya bar na tsararsa?

Aliyu: Baba Alhaji, ni ma ina cikin masu yin haka, kuma na san dalili. Mu ba duk waƙoƙin zamaninku muke ji ba. Muna jin 20 ko 30 da suka ratso shekara 40 suka iso mu. Dubban da aka yi a shekarun nan waɗanda ba su da daɗi, ku ma kun manta da su. Na yau kuwa duka muke ji, da tsaba da ƙaiƙayi, don lokaci bai sheƙe su ba tukuna. Gwada zaɓaɓɓun jiya da tarkacen yau ba adalci ba ne.

Malam Musa: Aliyu ya yi magana, amma akwai abin da bai taɓa ba. Kaset, wanda Philips ya fito da shi a 1963, yana tilasta maka haƙuri. Fuska biyu gare shi. Ba ka iya tsallake waƙa da ɗan yatsa, don haka kakan ji wadda ba ka so har ka zo ka so ta. In zaren ya fito, ka sa fensir ka naɗe shi a hankali. In abokinka ya haɗa maka kaset, ka san ya zauna awa guda da rabi yana danna maɓalli saboda kai. Yau waƙa miliyoyi suna aljihun yaro, amma da wuya ya kai ƙarshen guda.

Haka talabijin. Ni abin da ya raine ni shi ne Star Trek. An fara nuna shi a Amurka a watan Satumba na 1966, ana tsakiyar zaman doya da manja tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, amma a cikin jirgin sararin samaniya na shirin ga Ba'amurke, ga ɗan Rasha, ga mai asalin Asiya, ga baƙar mace, Nichelle Nichols, a kujerar jami'ar sadarwa. Mae Jemison, baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya a 1992, ta sha faɗa cewa ganin matar nan a talabijin yana cikin abin da ya ƙarfafa mata gwiwa. Shirin yana gaya wa yaro cewa gobe za ta fi yau. Ku duba yawancin na yanzu: duniya ta ƙone, na'urori sun mallake mutane, kowa na gudun kowa. Hotonsu ya fi kyau nesa ba kusa ba, amma fatan ya tafi.

Alhaji Bashir: Allah ya saka, Musa. Ni kuma Knight Rider ne, na 1982, baƙar motar nan mai magana da jar fitila tana kai da kawo a hancinta. Ranar da na karɓi makullin 504 ita ce a raina. Yanzu motoci suna magana da gaske, amma babu wadda ta taɓa sa gabana ya faɗi don murna.

Aliyu: Kawu Musa, da girmamawa, akwai abin da tarihin shirin ya nuna da ya saɓa wa wannan. Star Trek zango 3 kawai ya yi, kashi 79, aka dakatar da shi a 1969 saboda masu kallo ba su kai yadda ake so ba. Sai da aka riƙa maimaita shi daga baya ya yi suna. Doctor Who kuma, da BBC ta fara a Nuwamban 1963, tashar da kanta ta goge faya-fayan shirin da yawa don ta sake ɗaukar wani abu a kansu, har yau akwai kashi masu yawa da ba a gano ba. Guda 9 ma sai a 2013 aka sanar da samo su, a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos. Ke nan mutanen wancan lokaci ba su ɗauke su zinariya ba. Mu da muka zo daga baya muka ɗora musu darajar. Kuma in ana maganar tsoro, zamaninku ma ya yi shirye-shiryen yaƙin nukiliya da halakar duniya, sai dai ba su kuka riƙe a zuciya ba.

Malam Musa: Na karɓi wannan. Amma jiran mako guda kafin kashi na gaba fa? Kwana 7 muna gardama a kan yadda za su kuɓuta, kowa ya kalli abu ɗaya a dare ɗaya. Wannan ba tunanina ne ya ƙago shi ba, haka abin yake, kuma yanzu babu shi.

Dakta Hadiza: Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Sai dai ka lura, yanzu mun bar cewa shirin ya fi kyau, mun koma cewa yadda ake kallonsa ya fi haɗa mutane. Magana biyu ce daban.

Hajiya Rabi: Na yi shiru ne ina karantawa, amma zan yi magana, Alhaji ka yi haƙuri. Yayana ya rasu a cikin irin motocin da ake yabo, yana da shekara 27. Ba gudu yake yi ba. Babu bel a jikinsa, don a lokacin ba wanda ke ɗaurawa, sitiyari ne ya daki ƙirjinsa. Bel mai ratsa kafaɗa da ƙugu, injiniyan Volvo Nils Bohlin ya ƙirƙiro shi tun 1959, kamfanin kuma ya bar wa kowa ya yi amfani da shi, amma sai da aka ɗauki shekaru masu yawa kafin mutane su saba. Da a motar yau ne, mai bel da jakar iska, wataƙila da yanzu yana cikinmu yana ba da labarin motarsa ta farko. Ni ma ina da waƙar da in na ji ta sai na tsayar da abin da nake yi, don ita yake sawa in zai kai ni makaranta. Ina begen zamanin nan fiye da yadda zan iya faɗa. Amma ba zan so jikana ya hau motar ba.

Zainab: Allah ya jiƙansa, Gwaggo. Ga kuma hayaƙin. Fetur mai dalma da motocin suke sha yana taɓa ƙwaƙwalwar yara, kuma sai a 2021 aka daina sayar da shi ga motoci a duniya baki ɗaya.

Alhaji Bashir: Allah ya gafarta masa, Hajiya, ya sa ya huta. Maganarki ta sa na ajiye makullin. A kan tsaron rai na janye, ba ni da ta cewa. A kan waƙa, Aliyu ya kama ni da batun ƙaiƙayi, don da na duba kaset ɗin nan uku, akwai sunayen waƙoƙi da na rubuta da hannuna waɗanda ko amonsu ban tuna ba. Amma ba zan janye duka ba. Ana cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, ni kuwa ina jin daɗin bana, kuma duk da haka na san an karɓe wani abu daga hannuna. Da ina iya buɗe motata in gane ta, in naɗe kaset ɗina da fensir, in jira shirina tare da kowa. Dakta za ta ce ƙuruciya ce. Ni na ce akwai ƙuruciya a ciki, akwai kuma abin da ko matashin yau ba zai samu ba ko da ya nema.

Malam Haruna: A nan ina bayanka, Alhaji. Yaran da ke zuwa koyon aiki wurina, wanda ya fara da tsohuwar inji ya fi saurin gane sabuwa, don ya ga yadda mai da iska da wuta ke haɗuwa da idonsa.

Alhaji Bashir: Akwai abin da ban faɗa ba tun farko. Ɗaya daga cikin kaset ɗin ba na waƙa ba ne zalla. A fuska ta biyu akwai muryar marigayiya mai ɗakina da yaran suna ƙanana, suna bin waƙa a bayan mota, na ɗauka da ƙaramar rakoda. Ban ji shi ba tun rasuwarta. Ina tsoron in sa shi ya tsinke.

Aliyu: Baba Alhaji, don Allah kada ka sa shi a tsohuwar rediyon da ta daɗe a ajiye. Robar cikinta kan narke ko ta saki, sai ta cinye zaren. Ka ajiye shi nesa da zafi da danshi da lasifika, saboda maganaɗisu yana goge shi. Zan nemo na'ura mai lafiya, mu fara gwada ta da wani kaset, sannan mu juya naka sau ɗaya tak mu kwafe shi a kwamfuta, kowane ɗa ya samu nasa.

Alhaji Bashir: Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ka zo ranar Asabar. In ka kwafe, ka sa mini a waya, zan fita da motata ta yanzu in saurare shi a kan hanya ni kaɗai, sannan in kira yaran.