Motata Hilux ta ƙi tashi, bakanike ya ce sai an canza biren bos. Don Allah a ba ni shawara

Baban Amira:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu ilimin mota ku taimaka don Allah, kaina ya ɗaure. Hilux ce mai gas, ƙirar 2008. Asalinta ta yayana ce, Allah ya jiƙansa, shi ma a gwanjon wata ƙungiya ya saye ta. Da aka zo rabon gado kowa ya ce a sayar a raba kuɗi, ni na ce a'a, a yi mata kuɗi a cire a kasona in cika sauran. Har gobe akwai waɗanda ba su huce ba a gidanmu, musamman wanda ya so a sayar wa abokinsa da araha. Da ita nake ɗauko shinkafa daga Kura zuwa inji, da ita nake riƙe gidana da na marigayin. Ga shi kaka ta yi, na karɓi kuɗin mutane a kan zan kwaso musu kaya, mota tana ajiye a ƙofar gida yara na wasa a bayanta. Masu jiran su ga na kasa kuwa sun fara turo gaisuwa.

Ta daɗe tana wani abu: in ta yi zafi a hanya sai ta ɗauke kamar an kashe makulli. In na faka na ba ta kamar rabin awa, sai ta tashi lafiya lau. Ran Juma'a na kai ta wanki har da inji, na dawo gida ba matsala. Da asuba na murɗa makulli, kik na juyawa, ta ƙi kamawa. Bakanikena ya canza filtar mai, ya canza hita (masu ɗumama inji kafin ya tashi), ya cire nozul (masu fesa mai cikin inji) ya kai sabis. Shiru. Ya kira wani yaro mai kwamfuta, lambobin matsala suka fito, yanzu bakanike ya ce biren bos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, ne ya ƙone. Kuɗin da aka kira ba ni da su sai na ci bashi. In saya ko kuwa?

Ɗan Maraɗi:
Wa'alaikumussalam. Allah ya kawo mafita. A ina kake shan gazuwal, wato gas? In na bakin hanya ne, fara duba can. Ruwa da kananzir ba abin da ba sa zubawa.

Oga Rewaya:
Alhaji kada ka sayi komai. Na ce KOMAI. Ka ba mu labarin gado tiryan-tiryan amma ba ka faɗi lambar da ta fito ba. Wane inji ne, 2KD ko 5L? In 2KD ne, ga abin da ke damun motarka tun kafin ka amsa: sensar karanshaf. Mota ta mutu da zafi, ta huce ta tashi, wannan karatun farko ne a aikinmu. A cikin sensar akwai siririyar waya da aka naɗe a kan maganaɗisu. In ta tsufa, zafi na buɗe inda ta tsinke, sigina ya ɗauke, in ta huce ta sake haɗewa. Ita ce ke gaya wa biren bos cewa inji na juyawa da kuma inda fistin yake. In bai ji daga gare ta ba, ko ɗigon mai ba zai bari nozul ta fesa ba, ko ka kwana kana kik. Shi biren bos lafiyarsa ƙalau, jiran labari yake.

Gwaji bai da wuya. A jona kwamfuta, a shiga inda take nuna juyin inji kai tsaye, wani ya yi kik. Ya kamata ka ga wajen 200 ko sama da haka. In ya tsaya a sifiri, magana ta ƙare: sensa ce, ko soket ɗinta, ko wayarta. Sannan ka tsaya bayan mota lokacin kik ka kalli salansa. Ba hayaƙi ko kaɗan, mai ba ya shiga. Farin hayaƙi na fita, mai na shiga amma ba ya ƙonewa, wannan wata magana ce daban. Hita kuma da aka sa ka saya, a zafin Kano? Injin nan ko hitarsa duk sun mutu zai tashi, sai dai ya ɗan ja rai da asubar hunturu.

Baban Amira:
Na gode Oga. 2KD ne ina jin, D-4D aka rubuta a jiki. Lambobin yaron ne ya gani, ni ban riƙe ba. Amma gaskiya bakaniken nan ba ɗan koyo ba ne, tun muna makarantar allo muke tare, kuma shi ke duba motar tun marigayi na da rai. Ba zai cuce ni ba. Ɗan Maraɗi, wurin mutum ɗaya nake sayen mai, na san shi na san gidansu.

Maman Sadiq:
Hmm, "ba zai cuce ni ba". Haka maigidana ya ce. Tamu ba ma mai gas ba ce, amma wata biyu ta yi a gareji, yau a ce famfo, gobe a ce koyil, har sabon batirinmu aka musanya mana da tsoho. Ƙarshe fiyus ne ya ƙone. Fiyus! Da na yi magana aka ce mata ba su san mota ba. To ni dai na san kuɗin makarantar yara da suka tafi a wurin.

Direban Tirela:
Duk wannan wahalar motocin zamani ce. A ba ni inji 1HZ ko tsohon 3L, famfo na ƙarfe, ba kwamfuta ba sensa. In ta ƙi tashi ka sassauta bututun nozul, iska ta fita, ka tura ta a gangara ka kama hanya. Ka gwada hakan ɗan'uwa, iska ce ta shiga lokacin da aka canza filta.

Oga Rewaya:
Direba, da girmanka, kada ka sa a illata bawan Allah. Wannan ba irin injinku ba ne. Ƙarfin man da ke cikin bututun nan in inji na aiki yana iya haura bar 1,000 (bar ma'aunin matsi ne), yana huda fata ya shige jiki, mutane sun rasa yatsu a haka. In iska ake zargi, akwai ɗan famfon hannu a saman filta, a danna shi har ya yi tauri, shi ke nan. Kuma motar ta ƙi tashi tun kafin a taɓa filta, ka sake karantawa.

Injiniya Zariya:
Oga Rewaya, ina ganin ka yi saurin yanke hukunci. Ɗaukewa da zafi ba sensar karanshaf kaɗai ke kawo ta ba. A bayan famfon injin nan akwai bawul da ke auna man da ke shiga, SCV, in ya fara maƙalewa haka yake yi, musamman ga mai shan gas ɗin jarka. Haka nozul in ta lalace ta ciki, man da ya kamata ya taru sai ya riƙa zurarewa ta layin komawa tanki. Biren bos ba ya buɗe nozul sai ƙarfin mai ya kai wajen bar 200 zuwa sama lokacin kik. Don haka abu biyu za a kalla tare a kwamfuta: juyin inji da ƙarfin mai. Sannan ita kanta sensar da ke auna ƙarfin man, mai waya uku, a auna a ga ko bolt 5 na zuwa mata. Malam Baban Amira, da aka mayar da nozul ɗin an sa sababbin washa? Kowace ta koma raminta? Akwai lamba a kan kowace wadda aka shigar a biren bos.

Baban Amira:
Injiniya wannan ban sani ba, ba na wurin, na je ba masu shinkafa haƙuri. Amma na samu yaron ya turo hoton. P0335 da P0193. Na manta ban faɗa ba, bakanike ya jiƙa tsumma da fetur ya kara a bakin iska, ta yi gur-gur ta mutu. Shi ya sa ya ce ai inji lafiya, wuta ce ba ta zuwa daga biren bos.

Oga Rewaya:
P0335! Me na ce? Layin sensar karanshaf ke nan, ba ni na rubuta ba. Tsumman fetur kuwa ganganci ne, ga sababbin hita suna ja jawur, Allah ne ya kiyaye. Abin da ya nuna kawai shi ne inji na da matsi kuma taimin bai tsallake ba. Bai ce komai a kan biren bos ba. Shekara da shekaru ina wannan aiki, biren bos da na gani ya ƙone da gaske, ko dai an juya kan batir ne, ko an yi walda ba a cire waya ba, ko ruwa ya shige shi. An yi ɗaya daga ciki? A'a. To a zare soket ɗin sensar, tana ƙasa ta gaban inji wajen fule, a duba ko akwai ruwa ko koren tsatsa a haƙoranta. A busar, a auna ta da mita. In mita ba ta nuna komai ba, sensar ta tsinke. A bi wayar da hannu har sama, sau da yawa tana gogar ƙarfe ta cinye. Wankin injin nan da ruwa mai ƙarfi shi ya ƙarasa abin da ya daɗe yana ciwo.

Injiniya Zariya:
P0193 fa Oga? Ka tsallake ta. Wannan ta sensar ƙarfin mai ce, sigina ya yi sama fiye da kima. Lambobi biyu a layi daban-daban, ni sai in fara zargin wayoyi ko as ɗin inji, wato wayar ƙasa, ya saki. Ko kuma an zare soket ana makulli a kunne, hakan ma na ajiye lamba. A goge duka, a yi cajin batir ya cika, a sake kik, a ga wadda ta dawo. Batirin da aka kwana ana ja yanzu ya yi sanyi, shi kansa yana iya jawo lambar ƙarya.

Oga Rewaya:
Wajen cire nozul suka zare ta, ba sai an faɗa ba. Karanshaf ce. A ajiye maganata.

Baban Amira:
Ku yi haƙuri, wankin inji ba yau na fara ba, marigayi ma yana yi, ba abin da ya taɓa faruwa. Mota mai shiga gona dole a wanke ta. Na karanta wa bakanike abin da kuka ce, ransa ya ɗan ɓaci, ya ce su waye waɗannan da ba su ga mota ba suke gyara a waya. Ya ce ya duba sensar da idonsa tsaf take. Akwai wani biren bos ɗan Beljiyam da aka samo, mai shi ya yarda a gwada, in bai yi ba a mayar, za a cire kaɗan. Na ba da kafin alƙalami.

Oga Rewaya:
Da ido?! Ido na ganin cikin waya? Kuma in motarka mai makullin tsaro ce, biren bos ɗin wata motar ba zai tayar da ita ba sai an haɗa shi da makullinka, ga lambobin nozul da za a sake shigarwa. Za a sa, ta ƙi tashi, a ce maka shi ma ya lalace. Ka kira yaron ya karanta juyin inji, minti biyar ne. Nawa ya nuna?

Maman Sadiq:
"Za a cire kaɗan." Allah ya sa mu ji alheri.

Mai Sprinter Gombe:
Salam. Oga Rewaya don Allah ni ma tawa da safe sai na yi kik ya fi sau biyar, amma in ta tashi shi ke nan har dare, kuma fanka na kunna kanta tun inji da sanyi. Ita ma karanshaf ɗin ce ko ta ruwan zafi?