Keke Mai Batir a Hanyoyin Dajin Amurka: Keke Ne Ko Babur?

Malam Habu: Jama'a, ga maganar da ake ta ja-in-ja a kanta a Amurka. A dazuzzukan gwamnati akwai siraran hanyoyi da aka keɓe wa masu tafiya a ƙafa da mahayan dawakai da masu keke, aka hana duk abin da ke da inji. Keke mai batir rukuni uku ne a can, ni a ganina a bar na rukuni na ɗaya ya shiga. Ba shi da totur, injin ba ya motsi sai ka taka feda, kuma da zarar ka kai mil 20 a awa, wato kilomita 32, sai ya janye taimakonsa. Ƙarfinsa bai wuce wat 750 ba. Dattijo da mai ciwon gwiwa su ma suna da haƙƙi a dajin nan.

Hajiya Rabi: Malam Habu, mil 20 ɗin nan ba shi ne matsalar ba, domin a gangara keken gargajiya ma yana wuce haka. Matsalar tana wurin hawa. Mai keken gargajiya yakan hau tudu a hankali, kusan da saurin mai sassarfa, mai batir kuwa yana iya ninka wannan. Mai tafiya a ƙafa ya saba sauraron haɗari daga sama, yanzu kuma ga shi yana zuwa ta ƙasa, shiru, a kwanar da bishiyoyi suka rufe. In gudu ya ninka biyu, tazarar tsayawa bayan an kama birki takan ninka huɗu. Doki kuma in abu ya ɓullo masa ta baya ba zato sai ya zabura, a kan hanyar da faɗinta bai kai mita ɗaya ba, ga rami a gefe.

Injiniya Sule: Hajiya, na yarda da batun hawa. Amma zancen da ake yawan yi cewa yana cinye ƙasa, bai da ƙarfi. Keken dutse mai batir yakan kai kilo 22 zuwa 25, na gargajiya 13 zuwa 15. Bambancin kilo goma ke nan, wanda bai kai bambancin nauyin mahaya biyu ba. Ƙungiyar masu keken dutse ta duniya, IMBA, ta yi gwaji a jihar Oregon a 2015, ta ga ƙasar da rukuni na ɗaya ke turewa kusan daidai take da ta keken gargajiya, babur kuwa ya yi musu nisa. Sai dai a faɗi gaskiya, gwajin ƙarami ne, kuma masu sana'ar keke ne suka ɗauki nauyinsa. Abin da ke kashe hanya ruwa ne. In ba a yi mata ƙananan kwari da za su zubar da ruwa gefe ba, taya ta bar sawu a laka, ruwan sama ya bi sawun ya mai da shi kwazazzabo.

Malam Tanko: Duk kuna magana kamar kowa zai tsaya a rukuni na ɗaya. Wa zai tantance? Ma'aikacin daji ɗaya, hanya ta kai ɗaruruwan mil. Daga nesa ba ya iya bambance na ɗaya da na biyu mai totur, ko na uku da ke taimakawa har mil 28, sai ya tsayar da mutum ya duba ɗan tambarin da aka liƙa a jikin keken, wanda kowa zai iya ɓarewa. Iyakar gudun ma wani ɗan maganadisu ne a tayar baya yake ƙirga ta. Ana sayar da ƙaramar na'ura da ke ruɗar injin ya ɗauka rabin gudun ake yi, shi ke nan iyaka ta tashi. Bayan su kuma ga irin Sur-Ron, babur ne sak mai ƙarfin dubban wat, masu shi su fake da cewa ai an buɗe wa masu batir.

Malam Habu: Mai karya doka ai yanzu ma yana shiga, Malam Tanko. Kuma hukumomin kansu sun rabu. A watan Agusta 2019 sakataren harkokin cikin gida David Bernhardt ya ba da umarni mai lamba 3376, a 2020 hukumomin da ke ƙarƙashinsa, irin su BLM mai kula da filayen gwamnati da mai kula da wuraren shaƙatawa na ƙasa, suka fitar da ƙa'idar da ta ba shugaban kowane yanki damar buɗewa. Hukumar gandun daji, da ke ƙarƙashin ma'aikatar noma, ta tsaya a 2022 kan cewa abin hawa mai inji ne.

Hajiya Rabi: Kuma ita ce ta fi gaskiya. Ba ta rufe ƙofa ba, cewa ta yi sai an bi matakai: nazarin muhalli, jin ta bakin jama'a, sannan a sa hanyar a taswira. Dajin Tahoe da ke Kalifoniya ya buɗe hanyoyi ba tare da haka ba, mahayan dawakai suka kai ƙara a 2019, dole aka ja da baya aka sake lale.

Injiniya Sule: To a bi hanya ɗaya bayan ɗaya. A fara da wadda dama don keke aka gina ta. A sare rassan da ke rufe kwana har mahayi ya hango gabansa, a raba ta hawa da ta gangara inda akwai cunkoso, a rufe bayan ruwan sama har ƙasa ta tsane. Inda dawakai suka fi yawa a bar musu. Yankunan da dokar kare daji ta 1964 ta killace kuwa ba sa cikin zancen, can ko keken gargajiya ba ya shiga.

Malam Tanko: Saura abu ɗaya, Injiniya. Batir mai ɗaukar cajin wat-awa 600 zuwa 750 yana kai wanda bai saba ba can ƙuryar daji, inda ƙafarsa kaɗai ba za ta kai shi ba. Sanyi yana rage wa batir ƙarfi. In ya mutu a can, sai tura kilo 24 a kan tudu, ga yamma ta yi, ga babu sabis na waya. Duk hanyar da za a buɗe, a kafa allo a bakinta mai nuna nisanta da yawan hawan da ke cikinta.