Tallafin karatu ga 'ya'yanmu da aka haifa a Legas: wace ƙofa ce tamu?

Baban Zainab, Agege:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni bin wannan hanya. 'Yata tana aji biyu na babbar sakandare a wata makarantar gwamnati a nan Agege, ɓangaren kimiyya, kuma malamanta suna yaba ƙoƙarinta a lissafi. A nan aka haife ta, a nan ta yi firamare, amma ni asalina Jihar Katsina ne. Hatsi nake sayarwa, abin da nake samu yana riƙe gida, sai dai ba zai ɗauki nauyin jami'a ba. An ce mini hukumar tallafin karatu ta Legas 'yan asalin jiha kaɗai take bai wa. To, ina yarinya irin wannan za ta dosa, kuma me ya kamata in fara shiryawa tun yanzu?

Malama Uwani, Ijaiye:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa Zainab albarka. Ina koyarwa a makarantar gwamnati, kuma abin da nake fara gaya wa iyaye shi ne su bambanta tallafin da ake bayarwa saboda zama a Legas da wanda ake bayarwa saboda asali, domin haɗa su wuri guda ne yake sa mutanenmu su yanke ƙauna tun ba su nema ba.

Abin da aka gaya muku akwai gaskiya a cikinsa: yawancin kuɗin tallafin da hukumar Legas take bai wa ɗaliban manyan makarantu na 'yan asalin sassan jihar biyar ne, wato Ikeja, Badagry, Ikorodu, Tsibirin Legas da Epe. Amma a matakin sakandare ba haka abin yake ba. Gwamnatin jiha tana biya wa ɗaliban aji uku na makarantunta kuɗin jarrabawar WAEC ba tare da tambayar garin uba ba. Abin da ake nema shi ne shaidar zama a jihar, wato rajistar LASRRA, da shaidar biyan haraji ta mahaifi ko mai riƙon yaro. A nan ne 'yan kasuwarmu da yawa suke makara, sai lokacin rajista ya matso a shiga guje-guje. Ku je makarantar a wannan zangon, ku ga mataimakin shugaban makaranta, ku ji takardun da za a buƙata.

Haka kuma gasanni ba su duba asali. Gasar haɗa baƙaƙen Turanci ta makarantun gwamnati, wadda aka fara a 2001 kuma ake naɗa zakaranta gwamnan yini ɗaya, a buɗe take ga kowane ɗalibi. Ga mai ƙarfi a lissafi akwai Cowbellpedia, akwai InterswitchSPAK ta ɗaliban kimiyya, akwai kuma gasar rubutun insha'i ta Gidauniyar UBA. Yawancinsu ta hannun makaranta labarinsu yake zuwa, kuma abin da yake damuna shi ne yaranmu, musamman mata, ba su cika miƙa sunansu ba. Wani lokaci kunya ce, wani lokaci kuma darasin share fage bayan tashi ne yake cin karo da Islamiyya, gida kuwa ba a san da shi ba. Idan kuka yi magana da malamin lissafinta da malamin Islamiyyarta, za a iya daidaita lokacin.

Ɗalibin Akoka:

Baba, ina gaisuwa. Ni ma a makarantar gwamnati na yi sakandare, yanzu ina aji uku a jami'a. Roƙona gare ku shi ne ku duba sunanta a kowace takarda tun yau. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, kuma sunan da yake kan NIN shi ne zai fito a takardar JAMB, harafi da harafi. Na ga abokin karatuna da aka rubuta masa Muhammad a NIN, Mohammed a sakamakon WAEC, ga sunan kaka ya shigo a takardar haihuwa ya ɓace a sauran; zango guda ya ƙare yana yawon rantsuwar kotu da gyaran bayanai, har wa'adin wani tallafi da ya cancanta ya wuce shi.

Idan ta samu gurbi a jami'ar gwamnati ko kwalejin fasaha ko ta ilimi, akwai asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da ya fara karɓar buƙatu a watan Mayun 2024. Yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, yana bai wa ɗalibi naira 20,000 a wata idan ya nemi kuɗin kashewa, ba ruwa a kansa, kuma sai shekara 2 bayan hidimar ƙasa ake fara biya, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Tallafin Gidauniyar MTN na ɗaliban kimiyya da fasaha kuwa kyauta ne, amma sai an kai aji uku da maki mai ƙarfi, saboda haka shekaru biyun farko ne suke buƙatar tanadinku.

Alhaji Mai Albasa, Mile 12:

Malam, abin da waɗannan bayin Allah suka faɗa daidai ne, sai dai kada ku saki ƙofar gida. Hukumomin tallafin karatu na jihohinmu asali suke dubawa, ba inda yaro ya yi sakandare ba, kuma takardar shaidar ɗan ƙaramar hukuma ita ce mabuɗi. Yadda na yi wa nawa shi ne, da muka je hutun Babbar Sallah na kai su gaban mai unguwa, ya san mahaifina, ya rubuta mana takarda zuwa ga hakimi, daga nan muka wuce sakatariyar ƙaramar hukuma da hotuna. Ku tafi da yarinyar da kanta, a gan ta, a san 'yar gidan wane ce. Sannan wajen cike fom ɗin JAMB a tabbata Katsina aka rubuta a gurbin jihar asali, domin masu shagon kwamfuta sukan zaɓi Legas don sun ga adireshin Agege, kuma wannan yana shafar har rabon gurabe a jami'o'in tarayya.

Game da lamunin, ni ina ganin bashi bashi ne ko da babu ruwa, musamman a kan 'ya mace da za ta shiga gidan wani da shi. A fara neman na kyauta, idan bai isa ba a karɓi na kuɗin makaranta kaɗai. Kuma duk wanda ya turo saƙo a WhatsApp yana neman kuɗin fom ko lambar sirri ta banki da sunan tallafi, ɗan damfara ne.

Malama Uwani, Ijaiye:

Alhaji, Allah ya ƙara girma, ban ƙi maganarku ba, amma na ga 'yan mata masu hazaƙa da suka zauna a gida ana jiran tallafin da bai zo a kan lokaci ba, har gurbin ya kuɓuce. Ni dai shawarata a nemi duka biyun a lokaci guda, a yi shawara da ita kanta a kan lamunin tunda sunanta ne zai hau takardar. Baban Zainab, ku fara da takardar harajin da gyaran sunan, domin su ne suke cin lokaci kafin rajistar aji uku.