Shawarwarin tsofaffin ɗaliban kasuwanci a Tawa

A wata hira da tsofaffin ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani suka yi a Tawa, baki ya zo ɗaya: kada mai digirin kasuwanci ya zauna jiran aikin gwamnati. Masu aikin banki a Yamai suka ce a laƙanci SYSCOHADA, wato tsarin lissafin kuɗin kamfanoni da ake bi a Nijar, da manhajar Excel, a karɓi aikin gwaji ko babu albashi, don ta nan ƙofa ke buɗewa. Wata mai fataucin albasar Galmi zuwa Abijan ta fi kowa zafi. Ta ce digiri ba ya hana karyewa muddin ba ka rubuta kuɗin mota, na duwan da buhunan da suka ruɓe a hanya ba. Ni dai tata ta fi shigata. Mai son kwangila kuwa, sai ya fara da rajistar kasuwanci ta RCCM da lambar haraji ta NIF.