Wai bakin kare magani ne?

Maman Abba: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawara kafin in yi abin da za a ce na raina manya. Shekaranjiya a ƙauye Abba yana guje-guje a bayan gidan Kawu, langa-langan danga ya yanke shi a ƙwauri, yanka mai tsawon ɗan yatsa. Sai yau da safe ina masa wanka yake ba ni labari, wai Kawu ya zaunar da shi a kan turmi, ya kira karensa Duna ya lashe ciwon tas don kada ya zama gyambo. Wurin bai kumbura ba, amma ni raina ya kasa kwanciya.

Baban Abba: Na ce mata ta kwantar da hankalinta. Yaro yana can waje yana buga ƙwallo. Ba cizonsa aka yi ba fa, lasa ce kawai.

Kawu Sarkin Baka: Wa alaikumus salam. Ni na sa, ba na musu. Yau sama da shekara 40 ina shiga daji da karnuka. Gyado ya taɓa yaga mini cinya, tafiyar yini tsakaninmu da gari, ba abin da na sa sai harshen kakar wannan Dunan, ga ni ina tafiya da ƙafata. Ku dubi karen kansa mana. In ya ji ciwo wa ke kai shi asibiti? Lasa yake har ya warke. Haka muka taras, bakin kare magani ne. Da tsohuwar zuma ake magani.

Yaya Injiniya: Gaskiya kada a yi saurin kushe maganar Kawu. Na karanta cewa akwai wani sinadari a yawu, laisozaim, yana kashe ƙwayoyin cuta. Kuma ba mu kaɗai ba ne. A tsohuwar Girka, a wurin bautarsu na neman waraka da ke Efidaurus, karnuka ake ajiyewa su riƙa lasar miyakun marasa lafiya. Abin da mutane daban-daban suka haɗu a kansa ba ya rasa tushe.

Ɗan Samaru: Yaya, laisozaim ɗin gaskiya ne, amma akwai shi a yawunka, akwai shi a hawayen Abban kansa, kuma ƙarfinsa kaɗan ne. Sabulu da ruwa sun fi shi aiki nesa ba kusa ba. Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, batun kare da ciwonsa kuwa, a nan asibitin dabbobi in muka yi wa kare ɗinki sai mun sa masa wata kwalar roba mai kama da mazurari a wuya, musamman don kada harshensa ya kai wurin. In aka bar shi zai lasa har ya warware zaren, wurin ya ruɓe. Wanda ya warke a daji shi kuke gani ya dawo gida. Wanda bai warke ba, ungulu ce ta san labarinsa.

Sannan a tuna inda bakin nan yake yini: bola, mushe, ƙarƙashin jelarsa.

Yaya Injiniya: To likitan karnuka, ko kammalawa ba ka yi ba ka fara hukunci. Ƙazanta daban, cuta daban. Wace cuta ce takamaimai?

Ɗan Samaru: Akwai ƙwayar cutar Pasteurella, wadda ke kumbura ciwo cikin yini guda. Akwai Capnocytophaga, tana zaune a bakin karnuka masu yawa ba ta yi musu komai. A 2018 wani mutum a jihar Wisconsin ta Amurka, Greg Manteufel, ya kamu da ita, likitoci suka ce ta yawun kare ta shige shi. Jininsa ya gurɓace, sai da aka yanke masa ƙafafu da hannuwa. Ban ce haka take yi wa kowa ba, ba kasafai ake samun irin wannan ba. Amma ta fi cin wanda saifarsa ba ta aiki, da mashayin giya, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni.

Anti Nas: Tsaya nan, wannan ta saifa ta shafe mu. Masu sikila yawancinsu tun suna yara saifarsu ke daina aiki, kuma su ne ke fama da gyambon idon sawu wanda ba ya jin magani, har a gaji a fara bin irin waɗannan dabaru. Haka masu ciwon suga. Don Allah kada wani ya gwada a kansu.

Amma ni duk ba wannan ce ta tsaya mini a rai ba. Maman Abba, ki bar wayar nan yanzu, ki kira Abba, ki wanke wurin da sabulu ana kwarara ruwa minti 15 cur, ki duba agogo. Ya fi amfani tun a ranar, amma yanzun ma ki yi. In kina da aidin ki shafa. Daga nan ku wuce asibiti ku ce kare ya lashi buɗaɗɗen ciwo. Cutar haukan kare nake jin tsoro.

Baban Abba: Haba Anti. Haukan kare ai sai da cizo.

Anti Nas: Baban Abba, haƙori ƙofa kawai yake buɗewa, a cikin yawu cutar take. Nan kuwa langa-langa ya riga ya buɗe ƙofar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa abin gida uku. Lasa a kan lafiyayyar fata, mataki na ɗaya, wankewa kawai. Ƙarzanen da bai yi jini ba, na biyu. Lasa a kan fatar da ta fashe kuwa mataki na uku ne, layi ɗaya da cizon da ya huda nama.

Kawu Sarkin Baka: Yanzu Dunan nawa ne mahaukaci? Ni za a koya wa mahaukacin kare? Na kashe fiye da biyar da hannuna. Ido jawur, yawu na dalala, yana cizon icce da dutse, bai san mai shi ba. Duna yanzu haka yana kwance a gabana, ya cinye tuwonsa, yana kaɗa jela.

Ɗan Samaru: Kawu, ba wanda ya kai ka sanin wannan a gidan nan. Matsalar ita ce ƙwayar tana iya sauka a yawun kare kwanaki kaɗan kafin a ga komai a jikinsa. Kuma ba kowanne ke yin faɗa ba. Akwai wanda sanyi yake yi, ya laɓe a lungu, muƙamuƙinsa ya saki, mai shi ya ɗauka ƙashi ne ya maƙale masa ya zura hannu a baki zai ciro. Tambaya ɗaya nake da ita: an taɓa yi wa Duna allurar rigakafi?

Kawu Sarkin Baka: Allura kuma? Shanu dai ake zuwa yi wa. Duna ba ya ciwo. Watan jiya ma wani baƙon kare ya faɗo mana tsakar dare yana neman awaki, Duna shi kaɗai ya tare shi, suka yi ta yi har ya kore shi. Ɗan tsagar kunne kawai ya samu, ya warke.

Anti Nas: Innalillahi. Kawu, karen wa ne?

Kawu Sarkin Baka: Wa ya sani. Ba mu sake ganinsa ba.

Maman Abba: Na wanke. Ina neman mayafina.

Baffa Malam: Bismillah. Na ga ana ta magana ba a taɓo addini ba. Hadisi ya inganta cewa idan kare ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai, a wata ruwayar ta Muslim har da turɓaya. Abin da aka ce a wanke wa ƙwarya, ina dalilin ɗora shi a kan naman ɗan mutum?

Yaya Injiniya: Baffa, amma ai mu Malikawa ne, kuma na ji ana cewa a wurin Imamu Malik kare ba najasa ba ne.

Baffa Malam: Haka ne, ba ka yi kuskure ba. A mazhabarmu duk mai rai tsarkakakke ne, har yawunsa, wankin nan bakwai kuwa bauta ce ake yi don bin umarni. Karen farauta ma Alƙur'ani ya halatta cin abin da ya kamo, a Suratul Ma'ida, saboda haka ba wanda ke zargin Sarkin Baka da ajiye Duna. Sai dai tsarki hukuncin salla ne. Ruwan kududdufi yana iya halatta alwala ya kuma sa ka gudawa. In kuwa haka ne, shin a goga wa yaron turɓaya a wurin, kamar yadda ake yi wa ƙwarya?

Anti Nas: A'a Baffa, don girman Allah. Ƙwayar tetanus a ƙasa take zaune. Ba turɓaya, ba toka, ba man birki, ba gashin karen da ake ƙonawa a barbaɗa. Dama yankan langa-langa ne, za su duba katinsa su ga ko yana bukatar allurar tetanus ɗin ma.

Baban Abba: Ni fa ba ƙin asibiti nake ba. Amma kun san wata ya yi nisa, kuma allurar nan an ce tsada gare ta, wani lokacin ma sai an fita nema. Ga azaba, a cibiya ake yi wajen sau ashirin. Me zai hana mu sa ido, in mun ga alama mu ruga?

Anti Nas: Ta cibiya tsohon yayi ce, an daina. Yanzu a dantse ake yi, ƙananan yara a cinya: ranar farko, rana ta 3, ta 7, saura yadda likita ya tsara. Akwai kuma wata ta biyu, imyunoglobulin, da ake yi a cikin ciwon da kewayensa ga mataki na uku. Ita ce mai wuyar samu, ku tambaya, ana iya yin ta har kwana 7 bayan allurar farko.

Batun jiran alama kuwa, bari in gaya maka abin da na gani da idona ina sabuwar ma'aikaciya. An kawo mana yarinya 'yar kamar shekara tara, ɗan kwikwiyo ya ƙarce ta a hannu wata biyu baya, har an manta. Leɓenta duk ya bushe, da bakinta take cewa ƙishirwa take ji. Uwar ta miƙa mata kofi. Tana ganin ruwan maƙogwaronta ya shaƙe, ta bankaɗe kofin ta maƙure a bango. Iskar fanka ma firgita ta take, sai da muka kashe. Hankalinta yana dawowa tsakani, ta kira babarta, ta ba ta haƙuri a kan ruwan da ta zubar. Ba abin da muka iya yi mata illa allurar barci. Kwana uku ta yi.

Cutar nan takan yi wata biyu zuwa uku tana bin jijiya a hankali zuwa ƙwaƙwalwa, wani mako guda, wani har shekara. Duk tsawon lokacin mutum garau yake, yana ƙwallonsa. Ranar da alama ta fito, kusan ba mai tashi.

Ɗan Samaru: Kuma ba abu ne na can nesa ba. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayarwa kusan mutum 59,000 ne a shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, wajen kashi 40 yara 'yan ƙasa da shekara 15. Alhali rigakafin tun 1885 Louis Pasteur ya fara gwada shi a kan wani yaro a Faransa, ya rayu.

Yaya Injiniya: To na sauka daga kan Girka. Amma a yi adalci, mai yiwuwa Duna lafiyarsa ƙalau, a kashe kuɗi a banza.

Ɗan Samaru: Mai yiwuwa ƙwarai, ni ma zatona ke nan, kuma akwai hanyar ganewa. A ɗaure shi kwana 10 daga ranar da ya yi lasar, ana ba shi ci da sha, yara kada su matsa kusa. Karen da cutar ta riga ta sauka a yawunsa ba ya wuce kwanakin nan bai nuna ba. In ya cika goma garau, likita na iya tsayar da sauran alluran Abba. Amma farawa yau ne, ba a jira. Kawu, kada a kashe shi, kada a sayar. In ya mutu ko ya canza hali, kada kowa ya taɓa bakinsa, a kira ma'aikacin dabbobi, akan aika kan zuwa cibiyar binciken dabbobi ta Vom a gwada. Ko ya wuce goman ma a ci gaba da lura da shi saboda faɗan nan na watan jiya, zan tambayi malaminmu yadda za a yi da shi.

Kawu Sarkin Baka: Ranar Asabar muna da farauta, an gayyaci garuruwa huɗu. In fita ba Duna?

Baffa Malam: Sarkin Baka, jikanka ne.

Kawu Sarkin Baka: Na ji. Kai ɗan Samaru, in za ka zo hutu ka taho da allurar karnukan, su shida ne, har na maƙwabta in ta isa. Ni zan riƙe maka su, ba za su yarda da kai ba.

Maman Abba: Mun samu, an yi masa ta farko da ta tetanus. Ta biyun, imyunoglobulin ɗin, sun ce babu a nan, sun rubuta mana mu gwada babban asibiti gobe da sassafe. Likitan ya ce kada a ɗinke wurin, kada a naɗe shi da ƙarfi. Abba ya yi kuka, yanzu yana shan yogot. Baban Abba, ka taho da kuɗin mota.

Kawu Sarkin Baka: A gaishe shi, a ce Kawu ya ce sannu. Duna yana ɗaure a gindin dalbejiya, sai kuka yake yana kallona. Amma tabon cinyata yana nan, in kun zo da Sallah zan nuna muku.