Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta: har a kan dutse?

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum. Ina neman fahimtar manya a kan wannan karin magana, domin ta haɗa ni gardama da yayana a masaukinmu na Guangzhou, a ƙasar Sin. Mun zo sayayya, kuma mun shirya kafin a buɗe baje kolin Canton ranar 15 ga Oktoba mu shiga jirgin ƙasa zuwa Guilin, daga can mu hau Longji mu ga gonakin shinkafar da aka sassaƙa hawa-hawa a jikin tsauni, tunda yanzu ne shinkafar ta nuna, ba a kai ga sa mata lauje ba. Ranar Laraba Yaya ya duba hasashen yanayi ya ga ruwa da hazo a gundumar Longsheng, inda Longji take, sai ya ce a fasa, wai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ni kuwa na ce ba don hadari aka yi maganar ba. Shin ya sa ta a muhallinta?

Malamin Makaranta: Wa alaikumus salam. A ganina yayanka bai kauce ba. Maganar tana nufin kowane al'amari yana turo alamarsa kafin ya iso, kuma mai hankali ba ya raina alama. Hasashen kwana biyu ba duba ba ne, ilimi ne, kuma hanyar da ke hawa Longji daga Guilin tafiyar kusan awa biyu ce a mota, mai yawan kwana a gefen kwazazzabo. Duk wanda ya bi labarin guguwar Yagi a watan Satumbar 2024 ya san yadda ƙasa ta zaftare a kan ƙauyukan tsaunin Lao Cai da Yen Bai na arewacin Vietnam, yankin da shi ma ya yi suna da irin waɗannan gonaki. Ba na cewa haka za ta faru a inda za ku, amma babba idan ya ga hadari a kan dutse ya ce a dakata, bai yi laifi ba.

Ɗalibi a Nanning: Malam, ina girmama ra'ayinka, amma na taɓa kwana a Ping'an, wani ƙauye da ke tsakiyar gonakin Longji, a irin wannan lokaci, kuma abin da na gani ya saɓa. Gonakin suna tashi daga ƙasan kwari har su haura mita dubu, don haka hasashen da aka yi wa garin Longsheng ba lallai ya dace da saman dutse ba. Sau da yawa gajimare yakan rufe komai da asuba, kafin hantsi ya yaye, masu ɗaukar hoto ma shi suke nema. Kaka a Guangxi, yankin da Guilin da Longji suke, ta fi bazara ƙarancin ruwa nesa ba kusa ba. Abin da nake ji wa Alhaji tsoro shi ne lokaci: hutun ƙasa na 1 zuwa 7 ga Oktoba ya wuce, cunkoso ya ragu, kuma daga nan manoma ke fara girbi. Idan kuka jira rukunin tufafi na baje kolin, wanda yake faɗawa ƙarshen Oktoba, ba abin da za ku tarar sai tushiya. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe.

Jikar Hajiya: Ku yi mini haƙuri in kawo labarin kakata, Allah Ya jiƙanta, domin ita ce mutum ta farko da na ji tana musun wannan karin magana. A ƙuruciyarta ta zauna a Madagali, ƙarƙashin duwatsun Mandara, inda mutanen Sukur suke noma a kan matakalar dutse da suka gina da hannu, wurin da UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 1999. Su gero da dawa suke shukawa, ba shinkafa ba, amma dabarar riƙe ƙasa da ruwa ɗaya ce. Wata shekara a ƙarshen damina aka sa ranar kai amarya wani ƙauye a gindin dutse, aka ce Juma'a. Laraba ta zo garau, Alhamis ma haka, tsofaffi suka ce ruwa ya ɗauke, aka jera jere, aka ɗaura wa jakuna kaya. Wata tsohuwa daga mutanen dutse da ke kawo mata hatsi ta ce kada su bi ta rafi, domin ta baro saman dutse a rufe. Ba wanda ya saurare ta, tunda a ƙasa rana ce tsaka. Suna isa mashigin suka iske ruwa ya sauko da ƙarfinsa alhali ko ɗigo bai taɓa su ba, suka kwana a bakin rafi da amarya tana kuka, garar ta jiƙe, buhun gishiri ɗaya ya tafi. Tun daga ranar idan aka faɗi maganar a gabanta sai ta ce, "Larabar wa? Ta mai gindin dutse ko ta mai samansa?" Har ta rasu ba ta yarda a tsayar da ranar tafiya ba sai an tambayi wanda ya fito daga inda za a je.

Malamin Makaranta: Allah Ya gafarta wa Hajiya. Amma labarinta ai goyon bayana yake yi, domin alamar ta zo tun Laraba a bakin tsohuwar, mutane ne suka ƙi karanta ta.

Jikar Hajiya: A'a, Malam. Sun karanta alamar da ke gabansu, kuma ta yaudare su. Abin da take nufi shi ne kada baƙo ya yanke hukunci da sararin samaniyar da ba tasa ba. Alhaji da yayansa su kira mai masauki a ƙauyen Ping'an ko na Dazhai da ke kan dutsen su tambaya, shi ne ya san Larabarsa.

Manomin Kura: Ni dai na daina amincewa da kyan Laraba tun da na ga ta 'yan takara. Larabarsu kullum fes take, da buhunan taki da alkawarin gyara mana magudanar ruwa, Juma'a kuwa idan ta zo ko wayarsu ba ta shiga. Mutanen ƙabilun Zhuang da Yao sun riƙe gonakin nan na Longji fiye da shekara 600, tun zamanin daular Yuan, ba tare da an ƙaddamar da su sau uku ba.

Direban Jos: Baba, ai su waɗannan ba su da Juma'a, satinsu daga Laraba sai wata Larabar bayan shekara huɗu. Da a hannunsu dutsen yake, da an ba da kwangilar matakala ɗari, an biya, an gina biyu.

Uwar Gida Zariya: Mu koma kan magana, don Allah. Akwai abin da ban ji an taɓo ba. Mu a gidanmu ba a faɗin wannan karin magana don a hana abu, an fi faɗinta don yabo, kamar idan yaro ya taso da ladabi ko miya ta fara ƙamshi tun ba a sauke ba. Ba a ce Juma'ar da za ta ɓaci ba. Saboda haka yayanka ya juya ta ne, kuma ina zargin kuɗin jirgi da na masauki ne a ransa, ya ji nauyin faɗa wa ƙaninsa.

Ɗan Kwari: Hajiya, ba zan ce komai a kan wannan ba, domin Yaya yana karanta zauren nan.

Ɗalibi a Nanning: Idan har za ku tafi, ku yi sallar Juma'a a Guilin, akwai masallatan Musulmi 'yan ƙabilar Hui da gidajen abincinsu, sannan ku yi guzuri, saboda a kan dutse abincin halal yana da wuya. Ku riƙi rigar sanyi da takalmi mai kama ƙasa, domin matakalar dutsen tana santsi idan ta jiƙe, kuma ku kwana biyu a sama maimakon ɗaya, ko da safiyar farko ta zo a rufe. Idan kuma aka fasa, akwai Yuanyang ta mutanen Hani a lardin Yunnan, wadda kyanta yake fitowa bayan girbi, lokacin da aka cika gonakin da ruwa daga wajen Nuwamba zuwa Maris.

Malamin Makaranta: Hajiya, ban yarda cewa don yabo kaɗai ake faɗinta ba. Na sha jin limamai suna kawo ta a huɗuba a matsayin gargaɗi ga iyaye kan tarbiyya.

Manomin Kura: Ku bar limamai tukuna. Ɗalibi, ni tambayata ita ce ruwan: ta yaya yake isa gonar da ke can ƙololuwa ba tare da injin ban ruwa ba?

Ɗalibi a Nanning: Baba, daga dajin da suka bari a saman dutse yake fitowa. Ba sa sare shi, shi ke riƙe ruwan sama yana sakinsa a hankali, sai su ja shi ta ƙananan lambatu da bututun gora, gonar sama ta cika ta zuba wa ta ƙasa. Idan Alhaji ya samu hawa, ya ɗauko maka hoton bakin da ruwan ke tsallakawa daga kunya zuwa kunya.